Sabar da ka haɗa da hannu bashi ce a wuyanka: zare kan hoton sabar da Packer

1/ Zare 🧵
Ra'ayina ne, kuma na san wasu za su ji haushi. Duk mai koyon aikin girgije, AWS ne ko Azure ko Google Cloud, in har yanzu da hannu yake haɗa sabar, yana shiga yana buga umarni ɗaya bayan ɗaya, to da sauransa. Ku biyo ni in kawo hujja.

2/ Bari mu fara daga tushe saboda 'yan aji ɗaya da ke bibiyata. Sabar girgije kwamfuta ce da kake haya a cibiyar wani kamfani. Galibi ba a ba ka ƙarfen dungurungum. Babbar kwamfuta guda ake rabawa gida-gida da manhaja, kowane kaso yana aiki kamar kwamfuta mai cin gashin kanta. Ita ake kira VM.

3/ VM ba ta tashi haka siddan. Sai an ba ta kwafin faifai mai ɗauke da Linux ko Windows da duk abin da aka girka a ciki. Wannan kwafin shi ne imej, ni dai hoton sabar nake ce masa. A AWS sunansa AMI. Duk sabar da ka taɓa kunnawa a EC2 daga wani AMI ta fito, ko ka lura ko ba ka lura ba.

4/ Ka taɓa tsayawa wajen masu buga bulo? Ƙarfen bugawa guda ne, a zuba siminti da yashi, a danna, a fitar. Bulo na farko da na dubu girmansu ɗaya. Hoton sabar shi ne wannan ƙarfen. In ƙarfen ya karkace kuwa, duk bulon da ya fito karkatacce ne. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

5/ Yanzu ga yadda akasarinmu ke koyo a YouTube. A buɗe shafin AWS, a danna maɓalli, a zaɓi Ubuntu, a shiga ta SSH, a girka Nginx, a gyara fayil biyu da nano, a buɗe ƙofa ta 80. Shafi ya fito. A ɗauki sikirinshot a ɗora a LinkedIn, an zama injiniyan girgije 😅

6/ Ba raini ba ne, ta nan kowa ke shiga. Amma ga tambaya: bayan wata shida, in sabar nan ta mutu da tsakar dare, za ka iya sake haɗa irinta sak? Wane fayil ka taɓa? Wane sigar PHP ka girka? Wannan layin da ka kwafo daga Stack Overflow ranar da abu ya ƙi, ka tuna shi?

7/ Amsar yawanci ita ce a'a. Ilimin yadda aka haɗa sabar yana cikin kan mutum ɗaya. Ranar da mutumin ya tafi bautar ƙasa, ko ya samu aiki a Legas, ko ya ɓata da mai kamfanin, shi ke nan. Asibiti ko makaranta ko ɗan kasuwa an bar su da akwatin da kowa ke tsoron taɓawa.

8/ In sabobin sun kai biyu ko uku abin ya fi muni. Yau ka gyara wani abu a ta ɗaya, aka ɗauke wuta, ka ce gobe za ka yi wa ta biyu. Goben ba ta zo ba. A hankali sabobin da ya kamata su zama tagwaye sai su bambanta, kuma babu takardar da ta nuna inda suka rabu.

9/ In kana ganin ƙaramin abu ne, ga labarin Knight Capital, kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka. A ƙarshen Yulin 2012 suka ɗora sabon kod a sabobinsu na aika odar ciniki. Sabobin takwas ne. Ma'aikacin da ke kwafewa ya sa wa bakwai, ɗaya ta tsallake. Ba wanda ya bi bayansa ya duba.

10/ Ranar 1 ga Agusta 2012 aka buɗe kasuwa. Sabar ta takwas ɗin tana ɗauke da wani tsohon kod da aka daina amfani da shi shekaru da dama, sabon tsarin kuma ya tashe shi. Ta dinga aika oda miliyoyi babu ƙaƙƙautawa. Cikin kusan minti 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440 ko fiye.

11/ Kamfanin ya kusa rushewa, sai da masu zuba jari suka ceto shi, daga baya aka haɗe shi da wani. Hukumar SEC ta ci su tarar dala miliyan 12 a 2013. Sabobinsu ba na girgije ba ne, amma ciwon ɗaya ne da namu: injina takwas da ake zaton iri ɗaya ne, alhali ɗaya ta bambanta.

12/ Wani zai ce, to ai da sauƙi, in haɗa sabar da hannu sau ɗaya, in danna maɓallin ɗaukar hoto, in riƙa fitar da sabobi daga shi. Gaskiya ya fi babu. Amma hoton nan rufaffen akwati ne. Ba ka iya karanta shi, ba ka iya nuna wa abokin aikinka abin da ya canza tsakanin na jiya da na yau.

13/ Kuma a aikace abin da ke faruwa shi ne hoto kan hoto. A kunna na bara, a ƙara abu, a sake ɗauka. Bayan zagaye biyar yana ɗauke da tarkacen da ba wanda ya san asalinsa, har da tsofaffin makullan mutanen da suka bar aiki tuntuni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

14/ Abin da nake karewa shi ne wannan: a rubuta yadda ake haɗa hoton a cikin fayil, manhaja ta karanta fayil ɗin ta gina hoton da kanta, daga sifili, kowane lokaci. Hannun mutum ya tsaya a rubutun. Fitaccen kayan aikin wannan shi ne Packer, na kamfanin HashiCorp, wanda Mitchell Hashimoto ya fitar a 2013.

15/ Fayil ɗin Packer yana ƙarewa da .pkr.hcl, kuma abu biyu ne ginshiƙinsa. Na farko tushe: daga wane hoto za a fara, misali Ubuntu 24.04 na Canonical, a wane yanki, da wane girman inji. Na biyu gini: jerin abubuwan da za a yi wa injin kafin a ɗauki hotonsa.

16/ Da ka buga packer build, ga abin da ke faruwa a AWS. Packer ya kunna sabar wucin gadi daga hoton tushe. Ya ƙirƙiri makullin SSH na wucin gadi da ƙa'idar da za ta bar shi ya shiga. Ya jira injin ya tashi, ya shiga, ya fara aiwatar da umarnanka bi da bi.

17/ Umarnan na iya zama rubutun shell zalla, ko Ansible, ko kwafe fayiloli daga kwamfutarka zuwa injin. In sun kammala lafiya, Packer ya kashe injin, ya ɗauki kwafin faifansa, ya yi masa rajista a matsayin sabon AMI. Sannan ya goge sabar wucin gadin da makullinta, ya ba ka lambar hoton.

18/ In wani umarni ya gaza a tsakiya, ginin ya tsaya, babu hoton da zai fito. Wannan ɓangaren ya fi burge ni. Mutum in abu ya ƙi sai ya ce bari in tsallake, zan dawo. Manhaja ba ta da wannan halin. Ko a gama komai, ko a fasa ta gaya maka layin da ya faɗi.

19/ Me aka samu? Na ɗaya, fayil rubutu ne, yana zama a Git. Kowane canji da sunan wanda ya yi, da ranar, da dalili. Abokin aikinka zai iya karantawa kafin a haɗe, ya ce malam wannan ƙofar me ya sa ka buɗe ta? Idon na biyu da Knight Capital suka rasa kenan.

20/ Na biyu, saurin tashi. Ku tuna ranar da aka buɗe rajistar kwasa-kwasai, dubban ɗalibai suka afka wa shafi lokaci guda. Girgije na iya ƙara sabobi da kansa in nauyi ya yi yawa. Amma in kowace sabuwa sai ta ɓata mintuna tana sauke manhaja daga intanet, kafin ta shirya an riga an fara zagi a guruf.

21/ In komai na cikin hoton, tashi kawai za ta yi ta kama aiki. Kuma ba ta dogara da cewa ma'ajiyar da ake sauke manhaja tana aiki a wannan daƙiƙar ba. Netflix sun daɗe a kan wannan tsarin na gasa komai a cikin hoto tun kafin a kunna, har suka saki kayan aikinsu Aminator ga jama'a a 2013.

22/ Na uku, tsaro. A Afrilun 2014 aka bayyana Heartbleed a OpenSSL. A Disambar 2021 aka bayyana Log4Shell a Log4j, kuma cikin kwanaki masu kutse suka bazama neman sabobin da ba a gyara ba. A irin wannan ranar tambaya biyu ce: ina da ina abin yake a injinanka, kuma awa nawa za ka ɗauka ka sauya su?

23/ Mai haɗawa da hannu zai bi sabar ɗaya bayan ɗaya, yana fatan bai manta wata ba. Mai fayil zai duba rubutunsa ya ga ko abin na ciki, ya canza lambar siga, ya gina sabon hoto, ya kunna sababbin sabobi, ya kashe tsofaffin. In sabon ya zo da matsala, tsohon hoton na nan, a koma kansa.

24/ Haka batun tsufan tsarin aiki. CentOS 7 ya daina samun gyara ranar 30 ga Yuni 2024. Tallafin kyauta na Ubuntu 20.04 ya ƙare a Mayun 2025. Sabar da aka haɗa da hannu a kansu yawanci haka ake barinta, don ba mai ƙarfin halin taɓawa. Da fayil, ka canza tushe, ka gina, ka ga abin da ya fashe a wajen gwaji.

25/ Yanzu bari in ɗauki hujjojin masu ja, don suna da su kuma wasu masu ƙarfi ne. Ta farko: "Sabar ɗaya gare ni, shafin wani shago ne, me zan yi da wannan wahala?" Na yarda ba ka buƙatar babban tsari. Amma mai sabar ɗaya shi ne ba shi da ta biyun da zai leƙa ya kwaikwaya in ta farkon ta tafi.

26/ Ko Packer bai zama dole gare ka ba, rubutun ya zama dole. Fayil ɗin shell mai layi talatin a GitHub, wanda zai ɗauki Ubuntu sabo fil ya mai da shi sabarka, ya riga ya fitar da kai daga haɗarin. Ranar da ka so hoto, wannan fayil ɗin za ka miƙa wa Packer ba tare da sake rubutu ba.

27/ Ta biyu: "Ai yanzu zamanin Docker ne da Kubernetes, waye ke maganar VM?" Haba ɗan uwa, kwantenar a kan me take zaune? A girgije galibi a kan VM. Kuma kwantena ba ta da kernel nata, na injin da ke ƙasa take ara. In wannan injin bai samu gyara ba, kwantenarka ma a fili take.

28/ Hasali ma Dockerfile tunani ɗaya ne da fayil ɗin Packer: rubuta matakai, gina hoto, kada ka gyara mai gudana, sauya shi. Wanda ya yarda da Docker ya riga ya yarda da maganata, saura ya sauko da ita bene ɗaya ƙasa. In kuma kamfanin girgijen ne ke kula maka da injinan, to su ne ke gina hoton a madadinka.

29/ Ta uku ita ce mafi nauyi: abin da ke aiki da kansa yana yaɗa kuskure da gudu. Ga karkataccen ƙarfen bulon da na ce ku riƙe. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani sabuntawa na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Jirage suka tsaya, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani.

30/ Wancan ba hoton sabar ba ne, amma gargaɗin ya shafe mu kai tsaye. Hoto mai matsala in aka tura shi ko'ina lokaci guda, komai zai faɗi lokaci guda. Sai dai komawa hannu ba ya maganin wannan. Hannu ma yana kuskure, kuma nasa a ɓoye yake, kowace sabar da irin nata.

31/ Maganin shi ne gwaji da bi a hankali. Bayan an gina hoto, a kunna sabar ɗaya daga shi, manhaja ta duba: Nginx ya tashi? An hana shiga da root? Ƙofofin da ba a so a rufe suke? In ta ci, a ba ta kaso kaɗan na masu ziyara a sa ido. Sai an gamsu a sauya sauran.

32/ Ta huɗu: hoto yana tsufa. Gaskiya ne. Wanda ka gina a Janairu ba shi da gyaran tsaron Maris. Wanda ya gina sau ɗaya ya kwanta bai fi mai hannu da komai ba. Shi ya sa ake ɗora ginin a kan jadawali, misali GitHub Actions ya sake ginawa duk mako, ko kana barci ko wayarka ba caji.

33/ Ta biyar: dogaro da kamfani ɗaya. A Agustan 2023 HashiCorp suka sauya lasisin kayansu, har da Packer da Terraform, zuwa BSL, wanda ya taƙaita amfani ga masu gasa da su a kasuwa. Daga nan aka ɓalle aka kafa OpenTofu a madadin Terraform. A 2025 kuma IBM ya kammala sayen kamfanin.

34/ Ɗalibi ko kamfanin da ke gina hoton kansa don amfanin kansa, lasisin bai hana shi ba. Kuma akwai wasu hanyoyin, kamar EC2 Image Builder da AWS suka fitar a 2019. Ni shawarata, ka zuba ainihin aikin a shell ko Ansible, Packer ya zama marufi kawai. In ta kama a sauya marufi, kayanka na nan.

35/ Ga abubuwan da bai kamata su shiga hoto ba ko da wasa. Kalmar sirri ta rumbun bayanai, makullan AWS, makullin SSH naka. Duk wanda ya iya kunna sabar daga hoton zai iya karanta faifan. AMI kuma ana iya mai da shi na kowa da kowa. Sirri a lokacin tashi ake ba injin, ta IAM ko ma'ajiyar sirri.

36/ Kafin a ɗauki hoto a share abin da ya keɓanta da injin ginin: makullan SSH na shi injin, lambar machine-id, tarihin umarni, bayanan cloud-init. In ba haka ba sabobi ashirin za su fito da shaida iri ɗaya. Shi cloud-init, in ya ga sabon inji ne, zai sa masa suna da makullai nasa a tashin farko.

37/ Bayanan jama'a ma ba a cikin hoto suke zama ba. Rumbun bayanai da hotunan da mutane suka ɗora, a faifai daban ko wata hidima daban, da nasu ajiyar kwafi. Sharaɗin wannan tsarin gaba ɗaya shi ne ka iya kashe sabar ba tare da gabanka ya faɗi ba. In bayanai na cikinta, ba za ka iya ba.

38/ Sai batun aljihu, tunda mu da naira muke samu, da dala ake cajinmu. Kowane AMI yana da kwafin faifai a bayansa, ana biyan kuɗin ajiyarsa duk wata. Soke AMI ba lallai ya goge kwafin ba, sai ka tabbatar. Mai gini duk mako da ba ya shara zai ga bil na hawa. Ka ajiye na baya-bayan nan kaɗan, ka goge saura.

39/ Haka in intanet ɗinka ya yanke ana tsakiyar gini daga laftof, leƙa ka tabbatar sabar wucin gadin ba ta ci gaba da gudana ba. Kuma AMI na yanki ɗaya ne. Wanda ka gina a Landan ba zai bayyana a Cape Town ba, yankin AWS na farko a Afirka da aka buɗe a 2020, sai an kwafe shi can. Packer na iya yin kwafin.

40/ "Ba ni da katin dala." Ba uzuri ba ne. Packer na aiki da VirtualBox da QEMU a kan laftof ɗinka, ba ka biyan kowa sisi. In data ce matsala, hoton girgije na Ubuntu bai kai giga ɗaya ba, saɓanin cikakken ISO da ya haura giga biyu. Mutum ɗaya ya sauke, 'yan ɗaki su raba a filashi.

41/ Ga kirana ga malamanmu, cikin girmamawa. Furojet ɗin shekarar ƙarshe da ke da sabar, a daina karɓar sikirinshot a matsayin hujja. A ce ɗalibi ya kawo fayil ɗin da zai sake gina ta. Ranar kare furojet a goge sabar a gaban kowa, ya tashe ta daga fayil. Gani ya kori ji.

42/ Ga masu kamfani da ke ɗaukar irinmu aikin kwangila: kafin ka biya kuɗin ƙarshe, tambayi inda aka rubuta yadda ake haɗa sabar, kuma a ajiye a asusun kamfanin. In an ce maka "ai na san komai, kira na kawai", ka sani ka sayi kaya ne makullin na aljihun wani.

43/ Mu kuma masu neman aiki, ma'ajiya guda a GitHub mai fayil ɗin Packer, da gwaji, da bayanin dalilin kowane mataki, tana nuna abin da satifiket ba ya nunawa. Mai ɗaukar aiki zai iya buɗewa ya karanta, ko yana Kano ko yana Balin, ba sai ya yarda da bakinka ba.

44/ Aikin ƙarshen mako ga mai so: ɗauki Ubuntu, rubuta fayil da zai girka Nginx, ya hana shiga da kalmar sirri ta SSH, ya sa shafi mai sunanka. Gina hoto. Kunna inji biyu daga shi ka kwatanta. Goge duka, sake ginawa. In ka yi zagaye uku ba ka shiga ka gyara komai da hannu ba, ka kama hanya.

45/ Nan zan tsaya. Masu ganin na zafafa, musamman 'yan Docker da masu sabar ɗaya, ku zo kwamen mu tattauna, da hujja dai ba da zagi ba 😄 Wanda ya gwada aikin ya maƙale ya turo saƙon kuskuren da ya fito masa, mu duba tare. A yi ritwit ya kai ga 'yan ajinku.